Zuwa Ɗauko Mondli

Hamilton, New Zealand
4 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata Tholakele,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da yara da gwiwar nan taki mai ciwo. Ni na iso. Da hannu nake rubuta wannan, Talia matar Mondli za ta ɗauki hotonta ta turo miki a waya. Ki karanta ke kaɗai tukuna, kada ki kai wa Yaya Zwelakhe sai kin ci abinci kin zauna.

An karɓe reshen magaryar a filin jirgi.

Bari in faɗa miki daga farko. Daga Durban zuwa Johannesburg ba wani abu ba ne. Daga can ne muka yi awa goma sha biyu a kan ruwa zuwa Sydney, sannan aka sake zuba mu a wani jirgin. Ƙafafuna sun kumbura har na cire takalmi na kasa mai da shi. An kawo abinci sau uku, na ci duka, ban san ko mene ne ba. Mutumin da ke gefena ya ce mun yi asarar rabin yini a sama, ban tambaye shi inda ya tafi ba. Reshen yana cikin jakar hannuna a naɗe da farin ƙyalle, yadda Yaya ya ba ni, ƙayarsa ta soke ni sau biyu a cinya.

Kafin mu sauka aka raba takarda. Akwai layin da ke tambaya ko kana ɗauke da ganye ko itace ko iri. Na sa e. A ƙasa wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna a gaban jakata, aka nuna min wani tebur. Wata yarinya mai safar hannu ta warware ƙyallen.

Ta ce, "Mama, wannan fa?"

Na ce, "Reshe ne."

"Na gani. Na magani ne ko na ci?"

"Na ɗaukar mutum ne. Ɗana ya faɗo daga kan falwayar lantarki a ƙasarku bara. Gawarsa ta zo gida mun binne, amma shi yana nan inda ya faɗi. Da wannan ake zuwa a kira shi, ya hau, a kai shi gida."

Ta tsaya tana kallona, sai ta kira babbanta. Suka juya ganyen a ƙarƙashin fitila, suka nuna min wasu ɗige-ɗige a bayansa, wai ƙwan ƙwari ne, ba zai shiga ƙasarsu ba. Babban ya yi dogon bayani ya ajiye min takarda. Na sa hannu a inda yatsansa yake. Sai a mota da Talia ta karanta takardar ta ce zaɓi uku suka ba ni, har da na a mai da shi gida, ni kuwa na sa hannu a kan na ƙonawa.

Thola, kin san ni da baki. Ni ce na kori shugaban makaranta daga kicin ɗina da ludayi a gaban ɗalibai. Amma da yarinyar nan ta sa reshen a leda ta ɗaure, idonta ya kawo ruwa tana cewa don Allah in yi haƙuri, ban ji komai ba. Na ninke ƙyallen na sa a jaka, na tambaye ta ina banɗaki yake.

Talia tana jira a ƙofa. Doguwa ce mai jiki, ta fi hotunanta girma, iyayenta mutanen Samoa ne. Ta rungume ni tana kuka har wuyan rigata ya jiƙe, ni ina tsaye ina kallon wani allo mai tallar agogo. Jikata Zethu tana riƙe da siket ɗinta. Shekararta biyar yanzu. Goshin Mondli ne da ita da kunnuwansa, na duba na ce a raina, e, nasa ne, kamar yadda ake duba ɗinki a shagon tela.

Awa biyu muka yi a mota. Ciyawa kore ko'ina, shanu jingim, babu mai kiwo ko ɗaya. Ana ruwa, akwai sanyi. Sun ba ni ɗaki mai hita.

Ki san yadda za ki faɗa wa Yaya. Ki gai da kowa.

Yayarki,
Sizakele

Gidan Sibiya, Eshowe
6 ga Yuni

Zuwa ga Sizakele MaCele, matar ƙanena marigayi Velaphi,

Bayan gaisuwa da tambayar gajiyar tafiya, ina sanar da ke cewa Tholakele ta nuna min takardarki. Na karanta sau biyu. Kin san ramin zinariya ya cinye min kunnuwa, da ba don haka ba da na kira ki a waya, saboda wannan magana ba ta takarda ba ce.

Reshen nan ni na sare shi da hannuna a kufan gidan kakanmu. Na ƙona turare na shaida wa magabata cewa an tashi ɗauko ɗansu. Yanzu me zan koma in ce musu? Ba zarginki nake yi ba, MaCele, amma da kin tura shi cikin kalmasar bargo da babu wanda zai tambaye ki. Aikin namiji ne wannan, na faɗa tun farko. Ni likita ya hana ni hawa jirgi, ke kuma ke kaɗai aka ba biza, shi ya sa muka ɗora miki.

Ina so ki tuna abin da ya kai ki. Sau uku ina ganin Mondli a mafarki yana tsaye a bakin garke da kayan aikinsa a jiƙe, ba ya shigowa. Maruƙa biyu sun mutu a cikin wata ɗaya. Yaron nan yana gefen titi a ƙasar da babu mai sanin kirarin gidansu. Wanda ba a ɗauko ba, ba ya zama cikin kakanninsa. Ba zai ga ubansa ba, ke ma ranar da kika je can ba za ki same shi ba. Na san ke ta coci ce, amma Velaphi ma na coci ne, kuma da kansa ya je Kimberley ya ɗauko ƙanenmu.

An ware san da za a yanka, an tsai da ranar sha shida ga Agusta, an sanar da dangi har na Empangeni. Ki nemi magarya a inda take. Ki sa matar ta taimaka miki, haƙƙi ne a kanta. Kada ki dawo hannu biyu.

Allah ya kiyaye ki.

Zwelakhe Sibiya

Eshowe
6 ga Yuni

Yaya Siza,

Sannu da sauka, uwar gaskiya. Ke dai wannan gaskiya taki ta matan zumuntar coci sai ta ga bayanmu. An tambaye ki kina da itace, kika ce e. Ni da na ce tsinken gashi ne.

Ga takardar tsohon na haɗo miki. Da ya gama karanta taki ya fita tsakar gida yana faɗa, kin san shi ba ya jin muryar kansa, har kajin maƙwabta suka watse. "Kare! Kare ya hana ɗan Sibiya dawowa gida!" Na ce masa, "Yaya, karen aikinsa yake yi." Bai ji ba, na gode Allah. Daga baya na leƙa na same shi zaune a bakin garke yana goge ido da hula. Kada ki ce na faɗa miki.

Na ce zan saro wani in aiko ta gidan waya, Talia ta rubuto min cewa can ma karnukan suna nan. To ga shawarata, ki ji ko ki ƙi. Babu ƙaya ne a ƙasar gaba ɗaya? Ki karyo kowane reshe mai ƙaya, kafin ki iso ganyen ya bushe ya zube, idon tsohon ma ba kirki gare shi ba. Wa zai sani?

Yanzu ki ba ni labari. Matar tana iya tuwon masara ko burodi suke ci safe da yamma? Yarinyar tana jin harshenmu? Kin ga ɗakinsa da kayansa?

Yaya, kin yi kuka kuwa? Tun ranar da aka sauke akwatin nan nake kallonki. Kin dafa wa mutum ɗari uku abinci a ranar binne ɗanki, kina faɗa a kan gishiri. Wata goma ke nan. Ina jin tsoro, na faɗa miki kai tsaye.

Kajinki suna lafiya, baƙar ta ƙyanƙyashe bakwai. Matan zumunta sun yi miki addu'a ranar Alhamis.

Taki,
Thola

Hamilton
12 ga Yuni

Thola,

Ina gaishe ki, na gode da kula da kaji. Ban yi kuka ba, ki daina tambaya. Maganar kowane reshe kuwa, Mondli zai sani. Yaron da tun yana ƙarami yake gane an ƙara wa nono ruwa.

Jikina bai yarda da agogon ƙasar nan ba har yanzu. Da azahar barci yake kwashe ni a kan kujera, in farka in ga an lulluɓe ni da bargo. Talia tana aikin jinya a gidan tsofaffi, ta ɗauki hutu saboda ni. Ta iya tuwon, Mondli ya koya mata, sai dai yana yin ruwa. Ina ci ba na cewa komai, ke kin san wannan ba halina ba ne. Zethu ta san kalma biyar ko shida na harshenmu, biyu daga ciki zagi ne. Takalman aikinsa suna bakin ƙofa inda ya saba cirewa, ana sharewa a kewaye su.

Ranar Lahadi bayan coci na ga Talia tana sa kujerun ninkewa a bayan mota, da kwandon abinci. Na ɗauka yawon shan iska za a kai ni.

Na ce, "Ina za mu cikin sanyin nan?"

Zethu ta ce, "Wurin Baba mana. Yau Lahadi."

Minti arba'in ne daga gari. Titi ne siriri tsakanin gonaki biyu, da falwaya a gefe kamar kowace falwaya, an kafa ƙaramin farin gicciye a gindinta. Ciyawar wurin a yanke take, Talia ce ke zuwa da almakashi. Suka buɗe kujeru uku. Aka zuba shayi kofi huɗu, aka ajiye ɗaya a ƙasa. Zethu ta tsaya a gaban falwayar da hannu a baya ta fara ba da rahoto.

"Baba, haƙorina yana motsi. Mama ta ƙona kifi ranar Talata, ta ce kada in faɗa. Ga Kaka ta zo daga Afirka. Ba ta magana sosai, kuma ƙafarta ba ta shiga takalmi."

Talia ta ce, "Gulmammiya. Faɗa masa abin da kika yi a makaranta."

"Wannan ai ya sani."

Awa ɗaya muka yi. Motar madara ta wuce, direban ya ɗaga hannu, da gani ya saba ganinsu. Ni na zauna ina kallon falwayar. Na ce a raina, nan ne. Na jira in ji wani abu, abin da na ji shi ne sanyi yana shiga ta ƙasan kujera.

A hanyar dawowa ne wani tunani ya zo min wanda bai taɓa zuwa ba. Thola, ba su da kabari. Mu muka ɗauke gawar. Kin tuna Yaya ya sa aka kira ta a waya kwana biyu da rasuwar, aka ce ɗan Sibiya a gida ake binne shi, ta ce to. Ba ta zo jana'iza ba saboda fasfon yarinyar bai fito ba, mu kuma muka yi ta gunaguni cewa matan waje ba su da kara. Ni ma na faɗa. Wata goma ban tambayi kaina ko ina take zuwa idan tana son ganinsa ba.

Tun ranar da na iso take kiran waya tana neman magarya. Ta kira gidajen sai da shuke-shuke, ta kira 'yan ƙasarmu da ke nan, ta rubuta sunan itacen a takarda ta manna a firij don kada ta yi kuskure. Ban sa ta ba.

Ki gai da yara. Ki shafa wa gwiwar man da na bar miki.

Siza

Hamilton
20 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Zwelakhe,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina fata jikin da sauƙi. Na karɓi takardarka, na kuma karɓi faɗan, ina da laifi.

An samu magarya. Surukarka Talia ce ta samo, bayan kwana goma sha biyar tana nema. Tana gidan wani tsohon Bature mai suna Kobus, mutumin Vryheid ne can ƙasarmu, ya sai da gonarsa ya dawo nan da zama shekara ashirin da suka wuce. Jiya muka je, tafiyar awa uku.

Da harshenmu ya tarbe ni, irin na masu gona wanda ake ba da umarni da shi. Raina bai so ba, amma na amsa. Ya kai mu wani ɗakin gilashi a bayan gida. Itacen yana cikin rabin ganga, tsayinsa bai wuce kafaɗata ba. Na duba ƙayar, biyu-biyu ce, ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe. Na murza ganyen na sansana. Ita ce.

Ya ce, "Wa ya rasu, Mama?"

Na ce, "Ɗana."

Ya cire hula. Ya ce, "Matata kullum sai ta ce in tumɓuke shi, yana yaga mata riga. Ni ma ban san dalilin da ya sa na shuka ba, ko ƙamshi ba ya yi. Ke ce ta uku da ta zo nema."

Ya miƙo almakashi, sai ya fasa, ya shiga gida ya kawo wuƙa ya ba ni a hannu, ya fita ya ja ƙofar. Ni na yanka da kaina, tsawon kamu ɗaya. Da za mu tafi ya tambaye ni ko an yi ruwa a Vryheid bana. Na ce ban sani ba, ni daga Eshowe nake. Ya ce ai duk ɗaya ne daga nan.

Abin da nake tambaya, Yaya, ko reshen da ya tsiro a ganga a gidan Bature zai yi. Idan zai yi, ka rubuto min yadda zan bi daki-daki, don abin da ka faɗa min a gida ya zube daga kaina a jirgi. Ranar ɗaya ga Yuli zan taso.

Ina neman addu'arka.

MaCele

Gidan Sibiya, Eshowe
22 ga Yuni

MaCele,

Na gaishe ki. Kin yi ƙoƙari, matar ma ta yi. Na je wurin tsoho Nzuza, masanin al'adunmu, mun tattauna. Itacen ba ruwansa da mai ganga, zai yi.

Ga yadda za ki yi. Ranar tafiya da safe ki je wurin da kayanki a ɗaure, don daga can ba a komawa masauki. Ki cire takalmi ki durƙusa. Ki kira sunansa, ki kira na ubansa da na kakansa, ki yi masa kirarin gidanmu na Sotobe har ƙarshe kada ki tsallake. Ki ja reshen a ƙasa sau uku, ki ce, "Mondli, uwarka ce. Tashi mu tafi gida, nan ba wurinka ba ne." Ki naɗe reshen ki juya. Kada ki waiwaya.

Daga wannan lokaci ba ki da baki da kowa sai shi, har ki shigo ƙofar garke. Ki sa matar ta rubuta miki katin da za ki nuna wa ma'aikatan jirgi cewa ba kya magana. Duk inda aka canja mota ko jirgi ki faɗa masa a hankali, don kada ya ɓace a hanya. Idan za a tsallake teku ki gaya masa.

Abu na ƙarshe. Ki gaya wa matar, da ita da yarinyar, kada su kira sunansa a wurin bayan an ɗauke shi. Idan ya ji muryar 'yarsa zai waiwaya, aikin ya lalace. Su daina zuwa wurin ma, babu amfani.

Za mu tarbe ku a Durban, ni da Tholakele. Na sa a fara jiƙa dawar giya.

Zwelakhe Sibiya

Hamilton
29 ga Yuni

Thola,

Ina gaishe ki. Wannan taki ce ke kaɗai.

Na fassara wa Talia takardar Yaya ranar Laraba, tana guga. Ta ji duka ba ta katse ni ba. Da na zo wurin cewa kada su kira sunansa, ta ɗaga dutsen gugar ta ajiye shi a tsaye.

Ta ce, "Mama, zan tambaye ki wani abu, ki faɗa min yadda yake a wurinku, kada ki lallashe ni."

Na ce, "Ina ji."

"Bayan kin tafi da shi, idan muka je ranar Lahadi, akwai wanda zai ji mu?"

"A yadda muka sani, babu."

"Falwaya ce kawai."

"E."

Ta ce to, ta ci gaba da guga. Rigata ce ta zumunta take gogewa, ta bi kowace kalmasa. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Na ba ku jikinsa ban yi gardama ba. Wannan ma ba zan yi ba. Ke kika haife shi, ni shekara bakwai kawai na samu." Washegari ta kawo katin, ta kai an lulluɓe shi da roba don kada ya jiƙe, har da igiyar ratayawa a wuya.

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na san yadda ake yi da mai zagi.

Yau Lahadi mun je na ƙarshe. Talia ta riga ta yi wa Zethu bayani a gida cewa Baba zai bi Kaka ya je ya zauna da nasa baban. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Haƙorin nan ya fita jiya, ta kawo shi a cikin akwatin ashana ta ɗaga wa falwayar ya gani. Ta ba da rahotonta kamar kullum. Da ta gama ta juyo wurina.

Ta ce, "Kaka, in ɗayan ya fita wa zan nuna wa?"

Talia ta ce, "Ni mana, ko ni ba mutum ba ce?"

"Ke ai kina gani kullum."

Muka sha shayi. Talia ta zubar da kofi na huɗu a gindin gicciyen, ta ninke kujeru. Ta ɗauko almakashinta ta yanke ciyawar duk da ba ta yi tsawo ba.

Kin ce kina jin tsoro saboda ba na jin komai. Akwai abu ɗaya da nake ji, shi ma daga nesa, kamar rediyon maƙwabta. Ina son ɗana. Shekara goma sha ɗaya yana ƙasar nan, sau uku na gan shi. Duk lokacin da ya ce zai zo Kirsimeti bai zo ba, nakan ce ba komai, akwai inda za mu zauna tare ba mai tashi ya kama jirgi. Da wannan na rayu. Da shi na dafa abincin mutum ɗari ukun da kike faɗa.

Reshen yana kan taga a cikin kofin ruwa. Akwatina a ɗaure yake. Jibi da ƙarfe bakwai za mu fita, Zethu za ta kwana gidan kakarta ta wajen uwa don kada ta yi magana a wurin.

Sai na zo.

Siza

Filin jirgin Auckland
1 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Zwelakhe,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ina rubuta wannan kafin in shiga ciki, don ka karanta tun ina sama, kada ka zo Durban a banza.

Na je wurin da safe. Na cire takalmi na durƙusa. Na kira sunansa da na Velaphi da na kakansa, na yi kirarin Sotobe har ƙarshe ban tsallake ko ɗaya ba. Da na zo wurin cewa tashi mu tafi, na ce masa ya zauna inda yake, ya ji rahoton 'yarsa har ta girma. Na soke reshen a ƙasa kusa da gicciyen.

Ban manta umarninka ba, kuma Talia ba ta roƙe ni ba. Tana cikin mota ta juya baya, ba ta kira sunansa ba kamar yadda ka ce. Ba ta san abin da ya faru ba sai da na shiga na buɗe baki na ce mata ta kunna hita.

San da aka ware kuma ka yi yadda ka ga dama da shi. Idan dangi sun tambaya ka ce ni ce, kada a taɓa sunan yarinyar mutane.

Na karanta abin da ka rubuta min tun farko, na kuma yarda da shi. Ranar da kuka kwantar da ni kusa da Velaphi, zan same shi, ba zan sami Mondli ba. Da sanina na yi. Ni zan yi wa ubansa bayani idan na je.

Ka huta lafiya.

MaCele